Sikelin da ya kira ni Ango

Ƙanwata ta tambaye ni ko sikelin nan mai haɗuwa da waya ya cancanci a saye shi. Na ce mata ta bari in yi tunani.

Maigidana ne ya kawo namu daga kasuwar Sabon Gari, wajen wani ɗan Kudu mai sayar da kayan lantarki. Baƙin gilashi ne, faɗinsa bai wuce faranti ba. Ka cire takalmi ka hau, sai ya aika wa waya nauyinka, da kitsen jikinka, da tsoka, da ruwa. Da nauyi yake gane mutum, ba sai an gaya masa ko wane ne ya hau ba. Da ya zo sa mu a wayarsa, ni ya rubuta mini Amarya, shi kuma Ango, alhali mun riga mun aurar da 'yarmu ta fari.

"Ango da wannan tumbin?" na ce.

"Ai shi za mu kora, Hajiya. Ke dai zuba ido."

Ya fara tattaki bayan asuba a layukanmu na Samaru, ya rage tuwo. Nauyi ya yi ta sauka, wayar tana nuna kore, alamar komai lafiya, shi kuma ya miƙo mini ita yana dariya. Daga baya kasala ta hana shi tattakin, amma nauyin bai daina sauka ba. Aka kai wandunansa wurin tela aka rage su. Wayar dai kore. Ko da likita ya gano abin da ke cin cikinsa, ya riga ya yi nisa. Allah ya karɓi abinsa gab da azumi.

Na yi takaba na fita. Wayarsa ta faɗo a rabona. Sikelin kuwa ba wanda ya tuna da shi, yana ƙarƙashin gado.

Wata safiya ina shara na jawo shi, na hau ba da wata niyya ba. Wayar ta yi ƙara a kan durowa. Na duba, na ga an rubuta Ango.

Sai da na nemi bakin gado na zauna. Na san ba aljani ba ne. Ni da ake tsokana da ƙiba, ramewa na yi har na iso nauyin da ya bari a hawansa na ƙarshe. Na fahimci haka sarai, amma washegari na sake hawa. Ya zama kowace safiya bayan lazimi sai na hau, na ji ƙarar, na ga sunan ya haska, da sabon awo a ƙarƙashin nasa, kamar yanzu ya sauka ya shiga wanka. Idan aka kawo abinci, ina yin loma biyu sai in ture kwanon. Ban taɓa faɗa wa kaina dalili ba.

'Yata ta zo daga Jushi ta same ni a kai, wayar a hannuna. Ta karɓa ta duba.

"Umma, wannan ba Abba ba ne. Ke ce."

"Na sani."

"Kin sani? To bin sa za ki yi? Haka muka zauna muna kallon kore har aka ɗauke shi a makara. Bari in goge sunan."

Na riƙe hannunta. "Kar ki goge."

"To sa mayafinki. Asibiti za mu."

Mun je. Likita bai sami abin da muke tsoro ba, ya ce in ci abinci. 'Yata ta dawo gidan da zama na ɗan lokaci, tana dama mini kunun gyaɗa, tana tsaye a kaina kamar ni ce 'yar.

Wata safiya na hau, wayar ta yi ƙara, na ga Amarya. 'Yata ta yi hamdala har da tafi. Ni na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ta ji ni. Kukan da na yi ranar ya fi na ranar jana'iza.

Sunansa yana nan a wayar, awonsa ya tsaya inda ya tsaya.

Jiya na kira ƙanwata. Na ce ta saya idan tana so, yana aiki. Amma idan ta ga nauyin mijinta yana sauka, ta ajiye wayar ta dubi fuskarsa.