Ranar Kai Dashe Tudu

A shekarata ta ƙarshe a biro, wato ofishin gyaran ƙasa na Keita, aka rufe mana wasiƙun ordinata, wato kwamfuta. Wai a wani gari wani ya buɗe saƙon da bai san mai shi ba, cuta ta shiga na'urorinsu, sai manya suka ce kowa ya haƙura. Mai gyara ya zo daga Tawa, ya yi wuni guda yana danne-danne, ya tafi ya bar mana kalanda kaɗai, don kada mu manta ranakun taro.

Aikina tafinta ne, ina juya faransanci zuwa hausa da buzanci. Amma da yake na fi kowa daɗewa, ni nake sa ranar da za a kwashe dashen itatuwa daga lambun reno a kai tudun Ibohaman. Mata ne suka cika ledoji da ƙasa tun lokacin sanyi, suka yi ta ɗauko musu ruwa a ka. In na yi gaggawa ruwa ya ɗauke, dashen ya ƙone a kan dutse. In na yi jinkiri, saiwa ba za ta kama ba damina ta wuce. Duk shekara wani abokina mai duba yanayi a Yamai yake aiko mini da taswirar hadari ta wasiƙa. Na kira wayarsa, iyalinsa suka ce yana jinya.

Da rana tsaka, zafi ya kwantar da kowa, sai in zauna ina jan kalandar nan baya. Na taɓa zama Abijan, inda ruwa ke zuba ba a roƙe shi ba, na zauna Tamanrasat, inda ba a ma sa rai da shi. A nan ƙasarmu ta Adar ne kawai na ga ana sauraron sama kamar mai jiran baƙo daga nesa. Ina cikin wannan tunani na fara cin karo da rubutuna na shekarun baya, tsakanin taro da taro. Shugabar matan lambun, wata tsohuwa mai tsokana, takan jingina da tagata ta faɗi alamar da ta gani, ta ce in zuba a akwatina, haka take kiran ordinata. Ni kuwa in rubuta don wasa. Yau shamuwa ta sauka. Yau gawo ya fara zubar da ganye. Yau tururuwa na kwashe ƙwai zuwa bisa. Na yi ta bi shekara bayan shekara, har na ji kamar ina jin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a cikin ɗakin.

Na tashi na same ta a lambu, na gaya mata abin da na gani. Ta yi dariya har ta dafa bokiti.

"Alhaji, duk yawon duniyarka sai yau kaka tambayata?"

"Hajiya, an rufe mini baki da kunne. Yaushe za mu kai?"

Ta ce in bar ruwan farko ya wuce, mayaudari ne. In na biyu ya sauka, ta tura hannu a ƙasa ta ji laima har wuyan hannu, to. Shugaban biro yana ta matsa mini in ba shi rana, ina ce masa gobe.

Ranar da ta zo tagata da hannu duk laka, na buɗe kalanda na rubuta. Washegari muka loda mota da amalanke. Muka dasa, muka sauko, sama ta yi fari fat har kwanaki. Ban iya haɗa ido da matan ba. Kullum da la'asar nakan hau tudun in tsuguna ina taɓa ganye.

Ina can wani yammaci iska ta juyo daga gabas, mai sanyi, ledojin da muka yar suka tashi sama. Ruwa ya sauko, ban nemi mafaka ba. Itatuwan bakin gangare sun riga sun bushe, sauran suka kama.