Bikon Hadari

A shekarun farin nan, ina ƙarami a Kurawa, cin abincin dare ba ya ɗaukar mu lokaci. 'Ya'yan anza ne, wani itacen daji, aka jiƙa har ɗacinsu ya ragu, kafin ka ankara ka ga gindin ƙwarya. Sauran cikin kuwa, Kaka ce ke cike mana shi da baki. Da an sallame isha'i sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take fara tsokana: "Maigida, yau ma babu cehwane? Wanga miji sai ci!" In ce na sake ta, ta ce ai ta huta.

Tatsuniyoyinta ba su ƙirguwa, amma akwai wadda take yawan komawa kanta. "Ga ta nan, ku matsa mata wuri," in ji ta. Mu ce ta zo mu ji ta.

Wai mutanen wani gari ne suka sare gawon da hadari ke hutawa a kansa, sai hadari ya yi yaji, ya naɗe tabarmarsa ya yi kudu. Gulbi ya ƙafe, shanu suka koma cin tsumma. Wani saurayi, wanda Kaka ba ta taɓa raɗa wa suna ba, ya kora ragowar shanun gidansu ya tafi biko. Ya tambayi shamuwa, ta ce jiya ta hango hadarin. Ya tambayi tsohuwar kuka, ta ce ɗazu ya gifta. A nan kullum Kaka ke yin shiru.

"Kaka, ya samo hadarin?"

"Yana bisa hanya."

"To sai me?"

"Na ce maka yana tahiya. Ku tashi, wuta ta mutu."

Ko sau ɗaya ba ta ce ƙurunƙus ba. Mu kuwa muka riƙa yi mata dariya, wai tsufa ya cinye wutsiyar tatsuniyar.

Sai da na girma na ji cewa wan babana, ɗan farin Kaka, ya kora shanu kudu tun farkon farin, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Alkunya ba ta barin uwa ta kira sunan ɗan fari, su kuma mutanen gida ba su ambatarsa a gabanta.

Allah ya sa zane ya zama sana'ata. Bayan rasuwar Kaka aka gayyace ni baje kolin fasaha a Sakkwato, kan canjin yanayi. Na ɗauko tsohon dangwalin gidanmu, igiyar nan mai hannaye da ake ɗaure maruƙa, na rataye shi a farin bango, hannayen duk wayam. A ƙasa na rubuta sunan wan babana da manyan baƙaƙe, na ƙara da "wanda fari ya kashe". Mutane suka yi ta ɗaukar hoto, wata har da hawaye. Kaina ya fasu, na aika aka ɗauko Baba ya zo ya gani.

Baba ba ya karatun boko. Ya daɗe yana duban igiyar, sannan ya ce in karanta masa rubutun. Na karanta da ƙarfi, don na kusa su ji.

"Wa ak kawo maka labarin mutuwatai?"

"Baba, ai shekarun sun yi yawa."

"Uwad da ta haihe shi har ta koma ga Allah ba ta bari an yi mai sadakar ukku ba. Kai ka yi mai ita ga bango, mutane na shan lemo?"

Bai ɗaga murya ba, amma na so ƙasa ta tsage in shige. A tsaye a wurin na gane Kaka ba mantuwa ta yi ba. Muddin ba ta rufe tatsuniyar ba, ɗanta na nan yana tafiya. Ni ne na ƙosa da ƙarshe, kuma na san dalili: labarin da aka mutu a cikinsa ya fi tara jama'a. Har yau in na tuna yadda na ɗaga murya, kunya ce ke kama ni.

Na nemi fenti zan shafe rubutun. Baba ya riƙe hannuna, ya nuna dangwalin.

"Hwara kwance igiyag ga ka ba ni," ya ce. "In ya komo da shanu, da mi za shi ɗaure maruƙa?"