Dattijon da ya gane ni a gindin taya

Ina durƙushe a bakin titin Dayi, ina kankare baƙin da birki ke tarawa a wilin motata da tsohon buroshin haƙori, sai wani dattijo ya tsayar da babur ya zuba min ido.

Ya ce, "Samari, kai ɗan Sule direba ne? Mai jigilar Funtua zuwa Malumfashi?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Ya aka yi ka gane ni?"

Ya ce, "Shi kaɗai na taɓa gani yana bin lungun wili da buroshi haka, har da cije leɓe. Na daɗe a Kudu. Yana nan lafiya?"

Na ce masa ai ya rasu tun ina sakandare.

Sai ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a, ya wuce.

Wallahi ban san ina cije leɓe ba. Na so ya zauna ya ba ni labarin mahaifina, amma har ya tafi ko sunan dattijon ban tambaya ba.

Ku fa, me kuka gada wurin iyayenku ba ku sani ba sai da wani ya faɗa muku?