Matakalar Haikali

Tun ranar da dattawanmu suka daina cewa coci suka koma cewa haikali na san za a yi abin da zai ƙona mini rai. Ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Mama takan ce da gaggawa aka yanke mini cibiya. Amma a wannan maganar ko mai haƙurin ne sai ya gaji.

Tsohon cocinmu a Dutse dogon ɗaki ne na bulo da rufin kwano, ƙofarsa daidai da ƙasa. Ko akuya ta ga dama shiga take yi, kuma ta sha shiga ana tsakiyar wa'azi. Aibinsa ɗaya ne: in damina ta zauna ruwa yakan biyo ƙofa, sai mu ɗaga ƙafafu kan benci mu ci gaba da waƙa. To a ɗaga ginin mana, wa ya hana? Sai dai shugaban kwamitin gini, wani dattijo da ya yi ritaya daga sakatariya wanda kowa ke ce wa Baba, ya je biki Abuja ya dawo da hoton wani coci a wayarsa. Daga nan magana ta tashi daga tsoron ruwa ta koma ta a hango mu daga titi.

Yawancinmu 'ya'yan ma'aikata ne da 'yan kasuwa da suka zo daga Filato da kudancin Kaduna. Iyayena ma aiki ne ya kawo su, ni a unguwar Yalwawa nan Dutse aka haife ni. Babu attajiri a cikinmu. Duk da haka muka yi shekara da shekaru ana baiko, wato gudummawar coci: na siminti, na rodi, na tayil, na gilashi, har da na wata fitila mai rassa da aka ce sai daga Legas. Matan zumunta kuwa, wato ƙungiyar matan cocin, da kansu suka biya. Su suka riƙa ɗauko ruwa da yashi a ka suna kai wa magina. Mama tana cikinsu, duk da gwiwoyinta sun fara ciwo tun bayan rasuwar babana. In na ce ta zauna a gida sai ta ce, "Ke, aikin Allah ne. Matsa mini."

Kafin a gama ginin ta koma tafiya da sanda.

Ranar buɗewa muka sha anko, muka tari adaidaita har bakin ƙofa. Gaskiya ginin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Fari tas, gilashi yana ɗaukar ido. Amma kafin ka kai ƙofar shiga sai ka hau matakala doguwa kamar mai hawa duwatsun bayan gari, an lulluɓe ta da tayil mai santsi, kuma babu ko ƙarfen dafawa. Daga baya na ji wai an so a sa, Baba ya ce zai tare fuskar haikali a hoto.

Mama ta ɗaga kai ta duba sama, ta ce, "To."

Na riƙe mata hannu. Ta ɗora ƙafa, ta ɗora sanda, sandar ta zame. Da ban tare ta ba da a asibiti muka yi bikin. Ta zauna a bakin matakalar tana mai da numfashi, mutane suna ta wuce mu suna sannu, sannu. Can sai ga samari sun taho da kujerar roba, wai ta hau su ɗauke ta.

A cocinmu mutum ɗaya ne maza ke ɗauka su shigar da shi, wanda yake cikin akwatin gawa. Mama ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ranar da za ku ɗauke ni tana zuwa," in ji ta. "Kada ku yi sauri."

Suka yi dariya don sun zaci wasa take. Ni na san muryar. A ƙasa muka yi sujadar ranar, ni da ita, a kan tabarmar da na aro wajen mai gadi. Ba mu ji komai ba. Tagogin duk gilashi ne a rufe ruf saboda na'urar sanyaya ɗaki, janareta kuma yana ta ruri a bayanmu.

Da aka tashi na tare Baba yana tsaka da gaisawa da baƙi. Na durƙusa na gaishe shi, don kada a ce ba ni da tarbiyya, sannan na miƙe.

"Baba, Mama ba ta iya shiga ba."

"Ayya. Ai na ce yara su ɗauko ta."

"Ta ƙi. Baba, ɗan gangare kawai za a yi a gefe, a sa ƙarfe. Ragowar simintin can ma ya isa."

"'Yata, ke yarinya ce," ya ce. "Kin san mu nawa ne a garin nan? Kullum kallon baƙi ake mana, masu jiran ritaya su koma gida. Wannan ginin shi zai gaya wa kowa muna nan, 'ya'yanmu ma suna nan. Kuma Allah bai cancanci abu mai kyau ba?"

Maganarsa ta farko ta ɗan taɓa ni, don ni ma an sha tambayata yaushe zan koma garinmu, alhali ban san wani gari ba sai Dutse. Amma bakina ya riga ni.

"Allah dai ba ya ciwon gwiwa, Baba. Mama ce take yi."

Fuskarsa ta canza. Ya ce maganar gangare tana cikin zango na biyu na aikin. Ya juya wajen baƙinsa.

A gida Mama ta wanke ni tas. Wai na tsaya gaban dattijo ina sa'insa da shi a bainar jama'a, wai haka na koya a makarantar. Abin da ya fi ba ni haushi, ita ce ma take kare ginin. "Ai yana da kyau," ta ce. "Kin ga fitilar kuwa?" Na ce ni na gani, ke kin gani? Ta ɗauki sandarta ta shige ɗaki.

Ta ci gaba da zuwa tana zama a ƙasa. Wani tsoho mai makanta ya zo ya same ta, suka zama su biyu, suna jin ƙarar janareta suna cewa amin in sun ga alamar an kai wurin. Da zafin bazara ya shigo tsohon ya daina zuwa. Bishiyar darbejiyar da za ta ba su inuwa an sare ta tun farkon aiki don a samu wurin ajiye motoci. Wata Lahadi na shirya, na fito da sandarta, Mama ta ce in tafi, yau ba ta jin daɗi. Maƙwabciyarmu Hajiya ta leƙo tana cewa, "Maman yara, yau ba cocin ne?" Mama ta ce mura ce. Matar da ban taɓa ji ta yi ƙarya ba ko a ciniki.

Zango na biyu ya zo. Hasumiya ce, da gicciye mai kama wuta a samanta. Na je wajen Fasto. Ya saurare ni da kyau, ya ce ina da gaskiya, ya ce in ƙara haƙuri, kwamiti yana sane. Ya fara kawo wa Mama Jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a coci, har gida kamar yadda ake kai wa masu jinya. Na gode masa, amma ba abin da na roƙa ke nan ba.

Sai wata Lahadi, lokacin sanarwa, aka sa Mama cikin marasa lafiya. Mai sanarwar ya ce mu roƙi Allah ya ba ta sauƙi ta dawo cikinmu. Kowa ya sunkuyar da kai. Ni ban san lokacin da na miƙe ba.

"Lafiyarta lau," na ce. "Jiya ma ita ta yi mana tuwo. Matakala za ku yi wa addu'a."

Ɗakin yana da amsa-kuwwa saboda tsayin rufin, don haka har na baya sun ji. Wasu matan zumunta suka toshe baki da gyale. Wata ta ja mini zane ta ce in zauna. Baba bai ko waiwayo ba. Fasto ya yi gyaran murya ya ce a rera waƙa.

Na zaci wannan zai motsa wani abu. Ya motsa kam: Lahadin da ta biyo aka cire Mama daga cikin waɗanda ake yi wa addu'a. Gangaren kuma har yau yana zango na uku, bayan katanga da ƙofar ƙarfe.

Ina zuwa cocin har yanzu, don in na ƙi Mama ba za ta bar ni in sha ruwa ba. Nakan zauna ƙarƙashin fitilar nan ina jin sanyi yana ratsa ni, raina yana tafasa. In na dawo nakan tarar da ita a tsakar gida ta yi wanka ta ɗaura zanen fita, ba ta je ko'ina ba. Tun ban ajiye jaka ba take farawa.

"Wa ya ja waƙar zumunta yau?"

Na gaya mata.

"Ita? Ai ba ta iya ɗaukowa ba, ƙasa take farawa." Sai ta gyara zama ta miƙe ƙafar da ta fi ciwo. "To zauna ki ba ni wa'azin. Kuma a hankali, ban da tsallake."