Randar Bayan Rumbu

Randar tsimina tana binne har wuya a bayan rumbu, inda rana ba ta sauka. Mahaifina ne ya binne ta. Idan kaka ta yi, nakan zuba sassaƙen maɗaci da na ƙirya, da tsamiya da 'yar jar kanwa, in cika da ruwan rijiya, in rufe, in shafe bakin da laka. Ba na buɗewa sai bazara ta yi zafi, lokacin da ciwon shawara ke kwantar da mutane. A sannan ruwan ya yi jawur, ɗacin ya kwanta. Wannan aikin tsohuwar randa ne. Sabuwar tukunya ba ta iya shi, jarka kuwa sai warin roba.

Bara babban ɗana, mai sayar da kayan babur a Kano, ya kawo siminti zai daɓe mana tsakar gida. Ya zaga bayan rumbu, ya tsaya.

"Baba, a haƙe wannan a fasa. Samari na cewa giya kake haɗawa."

"Waɗanne samarin? Masu shan maganin tari alhali ba sa tari?"

"Baba, ni ake nunawa a kasuwar Gezawa."

Abin da suke tsoro na fi su saninsa. Ina da ƙuruciya, masu karɓa suka dame ni wai ɗaci ya yi yawa, na jefa mazarƙwaila a ciki. Randa ta yi kumfa har laka ta tsage. Maƙwabcina ya sha moɗa guda, ya hau keke, aka tsince shi cikin kunyar gyaɗa yana dariya, la'asar ta wuce shi. Na kwashe na zubar, na wanke randar da toka, na je na durƙusa masa. Ya yafe, amma har ya koma ga Allah ban iya haɗa ido da shi sosai ba. Randar ma sai da ta yi shekaru kafin ɗanɗanonta ya dawo. Tun daga nan zaƙi bai ƙara shiga cikinta ba. Saboda haka ba yaron da zai koya mini inda magani ya tsaya, haram ta fara.

Da safe magini ya zo da cebur. Na riga shi, na shimfiɗa buzu a bakin randar na zauna.

"Baba, a ɗan matsa mana."

"Daɓe, ka haɗa da ni."

Ya dubi ɗana, ɗana ya dubi ƙasa. Siminti ya bi ko'ina a gidan, ya zagaye ni, ya bar ƙasa faɗin tabarma.

Ɗana ya koma Kano bai yi mini sallama ba. Yana aiko da shinkafa, yana kiran uwarsa a waya. Ni sai ta ce wai yana gaishe ni.