Jan zane a Dutsen Kufena

Shekarar da matata ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Gyallesu, ɗakinmu na Ƙofar Jatau ya yi mini faɗi. Cikin fari ne, watan haihuwa ya kama, ga kunya ta hana ni zuwa gidan surukai in tambaya. In zauna a zaure, in miƙe, in leƙa lungu, in dawo. Ko rediyo ba na iya barin ta a tasha ɗaya.

Wani abokina malamin tarihi, da muke koyarwa a makaranta ɗaya, shi ya gaji da ganina haka.

"Malam, ka bi mu Kufena ranar Asabar," in ji shi. "Ko ba komai mutanen gidanku sa huta da sintirinka."

Ashe taro gare su na masu sha'awar kufai da kayan mutanen da. A bayan a-kori-kura na tarar da su. Biyu na fi tunawa: wani malamin jami'a daga Samaru mai rataye da kyamara, da wani Alhaji, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai bin duwatsu.

A gindin dutsen suka nuna mini ragowar ganuwa, ta zaizaye har ta koma tudu, an shuka dawa a jikinta. Tsingaro ko'ina. Abokina ya tsinci ɗaya mai zanen igiya a bakinsa, ya ɗora mini a tafi, yana ta bayani. Ina gyaɗa kai, amma ban ji ko rabi ba.

Abin da ya kawo su shi ne wani jan zane na mutanen da a jikin dutse, da Alhaji ya ce ya gani a ƙarƙashin wani kogo. Muka hau muna haki. Da muka isa, Alhaji ya durƙusa, ya nuna da bakin sandarsa.

"Ga saniya nan. Ga ƙaho, ga tozo."

Malamin jami'a ya daɗe yana dubawa. "Alhaji, anya ba ruwan sama ne ya bi jikin dutsen ya bar tsatsa ba?"

"Ruwa ya san ƙaho? Haba Malam!"

Suka yi ta yi, har Alhaji ya juyo ya ce ni baƙo in raba gardama. Ni kuwa na riga na hau wani falalen dutse, na sa hannu a goshi ina hangen gari. Birni na kwance can, ja-ja da shi, rufin kwano na walƙiya nan da can. Ina ta lissafin inda Gyallesu za ta faɗo, kamar in na gano unguwar zan ga abin da ake ciki. Na ce musu ni dai ban ga saniya ba, ban kuma ce babu ita ba. Alhaji ya yi tsaki.

Washegari Turunku za a je, tsohon kufan da suke ta ɗoki. Na shiga mota, amma ba mu fita gari ba na buga jikinta na ce a sauke ni. Abokina dariya kawai ya yi.

Da ƙafa na isa Gyallesu. Na wuce ƙofar gidan surukaina, na dawo, na sake wucewa, na tsaya wajen mai rake na saya ban sha ba. Can sai ga yayata ta fito daga gidan, ta je dubiya. Tana ganina ta riƙe haɓa.

"Kai kuma me kake yi a nan? Lafiyarta lau, tana ciki tana cin ɗanwake. Wuce gida kafin a gan ka."

Na wuce. Haihuwar ba ta zo ba sai bayan kwanaki da dama, wata Laraba da hantsi, ina tsakiyar aji aka zo mini da labari. Mace ce. Alli na hannuna na fita, ban ko sallami yara ba.