Kilishin Hajiya Zouera

A Rillieux-la-Pape, can arewa da Lyon, in ka ce Ilya kawai sai a tambaye ka wanne. In kuwa ka ce Ilya Mai Saƙo, ko tsohuwar da ba ta fita sai ranar Juma'a ta san shi. Mutumin Tahoua ne, dogo, siriri, marar yawan magana, in zai yi dariya sai ya kare baki da hannu. Aikinsa tuƙa kamiyonet, ƴar ƙaramar motar kaya, tsakanin Lyon da Paris, yana kai wa ƴan kasuwa kaya. Sunan kuwa ya samo shi ne daga ƙananan ƙulle-ƙullen da mutane ke cusa masa a gefen kujera: ɗinkin salla na wata a Bobigny da ke gefen Paris, turaren wuta, garin kuka, maganin basir, takalman da yara suka yi wa girma. Bai taɓa cewa babu wuri ba, bai taɓa kwance ƙullin wani ba, kuma ba ya barin saƙo wurin maƙwabci. Hannu da hannu yake bayarwa, ko da mai saƙon yana hawan ƙarshe kuma asanser, na'urar hawa bene, ta lalace.

Yadda ya zo Lyon ma labari ne. Lokacin da ya shigo Faransa ba shi da kowa, a ƙarƙashin gada yake kwana a Porte de la Chapelle. Wata rana Hajiya Zouera, mai sayar da atamfa da shadda, ta zo Paris sarin kaya, ta ji wani saurayi yana faɗa da sanyi cikin Hausar Adar. Ta tsaya ta tambaye shi ɗan wane ne. Kafin la'asar yana cikin jirgin ƙasa riƙe da jakunkunanta. Ita ta ciyar da shi, ita ta bi masa maganar takardu, ita ta shige gaba aka aura masa Rékia. Inna yake ce mata, kuma har ya yi furfura a gemu bai iya kallon tsakiyar idonta ba.

To, ana nan sai Ilya ya ci tambolar biza, ƙuri'ar nan ta shiga Amirka. Wani ɗan garinsu ya ce ya zo Savannah, wani gari madaidaici a bakin teku, inda manyan jiragen ruwa ke sauke kwantena, ana neman masu aiki a ɗakunan ajiyar kaya. Aka shirya shi zai fara yin gaba ya kama gida, Rékia da yara su biyo baya in an rufe lakwal, yara sun samu hutu.

Kun san halinmu. Da aka ji Mai Saƙo zai tafi Amirka, duk wanda ke da ɗan'uwa a can ya tashi da ƙullinsa. Ba wanda ya tambayi ina ne Savannah, ai duk Amirka ce. Ilya ya riƙa fitar da tufafinsa daga akwati yana sa na mutane, Rékia tana kallo tana cizon leɓe. Waɗannan duk za a iya aika su ta fosta in ya isa, kuma masu su sun yarda da haka. Na Hajiya ne ya bambanta. Ta hau bene da kanta tana haki, ta ajiye wani ƙulli mai nauyi, an naɗe shi da takarda, an sake naɗewa da leda, amma ƙamshin ya cika falo. Kilishin Madaoua ne. Yadda ya shigo Faransa, kada ku tambaye ni. Ɗiyarta Ameena, da ke aure a Greensboro, can Amirka, tana da tsohon ciki, kuma ta taɓa cewa a waya ba abin da ranta ke so kamar kilishin gida. Mai ciki kuwa ba a barinta da kwaɗayi.

"Wanga ba na fosta ba ne," in ji Hajiya. "Kai za ka sa mata shi a hannu kafin ta sauka. Ban yarda da kowa ba sai kai."

Ilya ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu.

A Bobigny ya sauka kafin ya hau jirgi, gidan abokinsa Hudu, wanda ke aikin tura kaya ƙasashen waje. Hudu yana ɗaga akwatin ya shaƙi ƙamshi, ya ajiye, ya tambayi ko Ilya ya haukace ne. Ya gaya masa Amirka ba ta barin nama ya shiga, busasshe ko ɗanye, har karnuka gare su na musamman. Ya ce a fitar da shi su ci rabi da shayi, a mayar wa tsohuwa rabi. Ilya ya ce da wane baki zai mayar wa Inna saƙonta? Hudu ya ce to ya buga mata waya ya faɗa mata yadda dokar take. Ilya ya ɗauki wayar, ya juya ta, ya mayar aljihu. A wurinsa, gaya wa babba abin da ya ba ka ba zai yiwu ba, daidai yake da ce masa bai san duniya ba. Ya ce Allah zai rufa asiri. Hudu ya ce Allah na rufa asiri, amma hancin kare fa a buɗe yake.

Haka kuwa aka yi. A filin jirgin da ya sauka, wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gefen akwatinsa kamar sun saba. Ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya tambaye shi ko akwai nama, Ilya bai iya ƙarya ido da ido ba, ya gyaɗa kai. Mutumin bai yi masa tsawa ba, cikin ladabi ma ya yanka ledar, ya duba, ya jefa kilishin Hajiya cikin wani babban bokiti mai murfi. Ilya ya ce wa Rékia daga baya, da mari aka yi masa da ya fi sauƙi. Shi da bai taɓa kwance ƙullin kowa ba, ga shi an kwance na Inna a gabansa yana tsaye riƙe da fasfo.

Savannah ta karɓe shi da zafi. Garin ya ba shi mamaki: manyan itatuwa masu wani abu fari-fari yana reto kamar gemun tsoho, mutane suna gaishe ka a hanya ko ba su san ka ba, abin da bai gani a Paris ba, ga bas ba ta zuwa sai ta ga dama. Turancin da ya haddace a Lyon bai yi masa aiki ba, don mutanen can jan magana suke yi kamar ana jan danƙo. Mutumin da ya san kowace kwana tsakanin Lyon da Paris, sai ga shi an ce ya sake zama jarrabawar tuƙi. Kafin nan, kwali yake ɗagawa a wani ɗakin ajiya kusa da tashar jiragen ruwa. Duk wannan bai dame shi ba kamar wayar Hajiya. Karon farko da ta kira ta tambayi saƙo, ya ce yana hanya. Karo na biyu ma ya ce yana hanya. Daga nan ya daina ɗauka.

Sai dabara ta zo masa. Yana yaro ya taɓa zama wurin mahauta, ya ga yadda ake yi. Rana kuwa ga ta nan, har ta fi ta Lyon. Ya sayo cinyar sa, ya feɗe ta siriri-siriri, ya shimfiɗa a balkon ya tafi aiki. Da ya dawo ya tarar da fararen tsuntsayen teku masu ihun nan sun yi biki, ba su bar masa komai ba sai kashinsu a kan ƙarfe. Ya sake sayen nama, wannan karon ya rufe da gidan sauro. Abin da bai lissafa ba shi ne ranar bakin teku da ruwa take tafe. A Madaoua ka shanya nama da safe, kafin yamma ya yi ƙaras. A Savannah iska kanta jiƙaƙƙiya ce, riga ma ba ta bushewa. Naman ya kwana ya wuni yana gumi, ya fara funfuna, ya tashi da wari, har matar da ke gidan ƙasa ta hau ta ƙwanƙwasa ƙofa tana toshe hanci, tana tambaya ko wata dabba ce ta mutu. Ilya ya fahimci abin da take nufi ba tare da tafinta ba. Ya gwada murhun gasa burodi na cikin kicin, hayaƙi ya tashi, na'urar da ke jikin silin ta kama ihu, maƙwabta suka fito waje. Abin da ya fito daga murhun, ko takalmi aka yi da shi zai daɗe.

A Rillieux kuwa Rékia ce ke shan kunyar. Gidansu da na Hajiya ƙofar shiga ɗaya ce. Matar da kullum sai ta leƙa ta gaida Inna, ta koma leƙen taga kafin ta fita. Ta daina zuwa kasuwar unguwa, ta riƙa hawan bas zuwa wata mai nisa don sayen albasa. Ranar da suka yi kiciɓis a bakin asanser, Hajiya ba ta ambaci kilishi ba. Cewa ta yi ko lafiya ɗanta yake, don ta kira har ta gaji, ko aiki ne ya yi masa yawa, ko yana cin abinci. Rékia ta ce lafiya lau, rezon waya ne ba kyau a can. Ta shiga gida ta buga wa Ilya waya, ta ce ita ta gaji da ɗaukar kayan da ba ita ta ɗaura ba.

Ana cikin haka Ameena ta haihu.

Ranar suna Ilya ya roƙi ɗan garinsu ya kai shi Greensboro, tafiyar kusan rabin yini. Ya shiga gidan hannu rabbana, ya ja Ameena da mijinta Karim gefe, kansa a ƙasa, ya faɗa musu komai, har da tsuntsayen. Karim ya yi dariya har ya dafa bango. Ameena ta ce haba Yaya Ilya, a kan wannan ya rame haka? Ta ce ba shi ne na fari ba. Duk wanda Inna ta ba kilishi tun da ita Ameena ta zo Amirka, a bokitin nan kilishin yake ƙarewa. Mai saƙo ya ce ya kai, ita kuma ta kira ta ce ya yi daɗi, tsohuwa ta ji sanyi a ranta, shi ke nan. Ta ce shi ma haka zai yi, yanzu ma Inna za ta kira ta ga jariri.

Ba a daɗe ba wayar ta yi ƙara. Ga Hajiya a falonta na Rillieux, mata sun cika ɗaki ana rabon goro da dabino, Rékia a gefenta ta takure. Aka nuna mata jariri, ta yi addu'a, ta tsokane shi da cewa wannan miji nata bai iya ko buɗe ido ba. Sai ta hango Ilya a bayan Karim.

"A'a, ɓataccen ɗana ne nake gani? Ilya, ka sa mata shi a hannu?"

Ameena ta ɗan taka masa ƙafa. Ilya ya dubi tabarma.

"Inna, ban kai ba. A filin jirgi kare ya shinshino shi, aka karɓe, aka zubar. Ba a barin nama ya shigo ƙasar nan. An gaya mini tun a Paris, na kasa faɗa miki."

Hajiya ta gyara mayafinta, ta dubi ɗiyarta ta cikin waya.

"Ba a bari? To na bara fa, da na bara waccan, da kika ce sun yi daɗi?"

Ameena ta sunkuyar da kai a kan jaririnta. Cikin matan da ke falon Hajiya akwai wadda ta taɓa kai irin wannan saƙo, ta tashi wai za ta duba tukunya. Ilya ya so ƙasa ta tsage. Ya zo ne ya sauke tasa kunyar, sai ga shi ya kwance wa Ameena da masu saƙon baya zani a gaban taro, ya kuma nuna wa duniya an daɗe ana yi wa Inna wasan yara.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Nama ne aka zubar, Ilya, shanu ba su ƙare ba. Wayata da ka ƙi ɗauka fa, ita ma kare ne ya shinshino ta?" Ta miƙa wa Rékia wayar, ta ce a ci gaba da rabon goro.

Bayan wannan ya kira ta sau da dama, tana ɗauka, su gaisa, ta tambayi aiki, ta ce sai an jima. Ɗan wane, ɗan wane da take masa kirari da shi, ta daina.

Da aka rufe lakwal, Rékia ta gama ɗaure kaya, ta je yi wa Hajiya bankwana tana fargaba. Suka yafi juna. Har ta kai ƙofa, tsohuwa ta ce ta dakata, ta shiga ɗaki ta fito da ƙulli. Ta kwance shi da kanta a gaban Rékia, abin da ba ta taɓa yi ba: zanen goyo ne na saƙi, da gwangwanin yaji. Ta ce ta aika an tambayi Hudu, ya ce waɗannan suna shiga. Na Ameena ne, amma kada Rékia ta kai. Ta ba Ilya, shi zai sa mata a hannu.

Ya kai kuwa, a Asabar ɗin farko da ya samu lasisinsa na can. Yanzu babbar mota yake ja daga tashar jiragen ruwa, yaransa sun fi shi Turanci, kuma mutanenmu na yankin sun fara cusa masa ƙulle-ƙulle a gefen kujera. Yana karɓa, amma sai ya ce a kwance ya gani, yana faɗa yana kallon ƙasa. Rékia ta ce har yau in wayar Hajiya ta shigo, ko yana cin abinci ne, sai ya miƙe tsaye ya cire hula ya mayar, sannan ya ɗauka tun ba ta yi ƙara na biyu ba.